JIRGIN DA AKA KAWO DON AUDUGA YA ƁUGE DA ƊAUKAR GYAƊA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sukuni.

Ranar Asabar da daddare a majalisarmu wani ƙanenmu mai shagon buga takardu ya zo ransa a jagule. Ya ce watanni uku ke nan ciniki yana ja da baya. Masu zuwa a rubuta musu takardar neman aiki, masu kawo fassara, masu son a zana musu katin biki ko fostar siyasa, yawancinsu sun ɗauke ƙafa. Yanzu yaro zai zauna a ɗaki da wayarsa, ya gaya wa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, abin da yake so, kafin ya gama shan shayi ta miƙo masa. Ga kuɗin haya, ga man janareta, ga yara biyu da yake biya a shagon.

Nan fa majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce wannan fitinar ƙarshen zamani ce, mai hankali ya yi nesa da ita. Wasu suka ce ai jirgi ne ya taso, duk wanda bai hau ba an bar shi a tasha. Aka yi ta musu har dare ya raba, shi kuwa mai shago ya tafi gida da damuwarsa kamar yadda ya zo da ita.

Maganar nan ta "an bar shi a tasha" ita ta tsaya mini a rai, don kuwa an taɓa kawo mana jirgi na gaske, mai hayaƙi da ƙugi, kuma ya juya rayuwar kakanninmu fiye da yadda muke zato. Tarihinsa a rubuce yake, da shekaru da alƙaluma. Ina ganin in muka bi shi a hankali za mu samu tambayoyin da suka fi "mu hau ko kar mu hau" amfani.

Mu fara da Kano kafin zuwan dogo.

A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya ga auduga da ake nomawa a ƙasar, mata na kaɗi a cikin gidaje, masaƙa na saƙa, marina na rini da baba, mabuga na bugu har yadi ya yi sheƙi. Ya rubuta cewa kayan Kano suna kaiwa Tambutu, suna kaiwa Ghat da Murzuk, har Tarabulus a bakin teku. Wato tun daga gona har kasuwar ƙarshe, kusan kowane mataki a hannun mutanen ƙasa yake.

Hanyoyin fatauci kuwa manya biyu ne suka fi shahara. Akwai ta arewa, inda ayarin raƙuma ke keta Sahara na tsawon watanni, suna fita da fatu da gashin jimina da hauren giwa, suna shigo da kayan Larabawa da na Turai. Larabawan Ghadames da Tarabulus suna da unguwarsu a cikin birni, kuma sunan Dandalin Turawa daga nan ya samo asali, don a wancan lokacin su ake ce wa Turawa. Sai hanyar Gwanja, a Ghana ta yau, inda fatake ke tafiya da jakuna a ƙarƙashin madugu, su kai kanwa da tufafi, su dawo da goro. Tafiya ce ta watanni, zango bayan zango, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a bakin kogi, ga gaisuwar sarakunan hanya.

A Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano. Shekara takwas bayan haka, a 1911, dogo ya iso, aka kuma buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, zamanin Sarki Abbas.

To, me ya sa suka kashe kuɗinsu suka shimfiɗa shi? Ba don su sauƙaƙa wa kakanninmu tafiya ba ne. Masaƙun Lancashire a Ingila, waɗanda su ne ƙashin bayan arzikin ƙasar a lokacin, da audugar Amurka suka dogara. Sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da auduga ta yanke, masaƙu suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Don haka a 1902 masu masaƙu suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchester, aikinta neman wata ƙasar da za ta riƙa ba su auduga a cikin daularsu. Da suka ji labarin Arewacin Najeriya, ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana noma auduga, sai suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka, yana cikin waɗanda suka mara wa aikin baya.

Aka turo Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan asalin Kanada, ya zama gwamnan Arewa a 1907. Aka fara layi daga Baro a bakin kogin Kwara, ya bi ta Minna da Zariya zuwa Kano, tafiyar mil 350 da 'yan kai. Can kudu kuma layin Legas, wanda aka fara tun 1896, yana ta haurowa, ya kai Ibadan a 1901, ya kai Jebba a 1909, daga baya aka haɗe su a Minna. Kada mu manta da wanda ya yi aikin da hannunsa. Talakawa ne aka riƙa ɗiba ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba, suka bar gonakinsu suka je sarar daji da ɗaukar ƙasa. A Zariya aka kafa injin gurzar auduga, aka zauna ana jiran buhuna.

Auduga ba ta zo ba. Aƙalla ba ta zo yadda suka yi mafarki ba.

Dalilin mai sauƙi ne. Turawa suna sayen laba ɗaya a kan kimanin kwabo ɗaya, masaƙan Kano da dillalansu kuwa suna biyan fiye da haka. Manomi ba mahaukaci ba ne. Wa zai bar mai ba shi da tsoka a ƙofar gida ya kai wa baƙo a tasha? Masu lissafi a Manchester sun ƙirga ƙasa, sun ƙirga manoma, sun ƙirga mil na dogo, amma ba su sa masaƙin Kano a lissafi ba.

Ana cikin haka wani abu ya faru a Turai wanda ba shi da alaƙa da mu ko kaɗan. A 1901 wani masanin haɗa sinadarai Bajamushe, Wilhelm Normann, ya samo hanyar daskarar da man tsirrai ya yi kauri kamar man shanu. Da wannan dabara masana'antun majarin, man nan da talakan Turai ke shafa wa burodi a madadin bota, da masu yin sabulu, suka buɗe baki suna neman mai ko daga ina. Farashin gyaɗa ya tashi a Liverpool da Hamburg da Marseille.

Gyaɗa kuwa manomin ƙasar Kano ya san ta kamar yunwar cikinsa. Tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa ba tare da an hana abinci wuri ba, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce. Kuma in kasuwa ta faɗi, a ci abarsu, a yi mai, a yi ƙuli-ƙuli, a yi kunu. Auduga fa? In farashi ya karye ba mai dafa ta. Ga kuma haraji da aka fara nema da tsabar kuɗin Bature maimakon wuri ko hatsi, dole mutum ya nemi abin da zai sayar.

Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn ya bi wannan labari daki-daki a littafinsa na 1978 kan asalin cinikin gyaɗar Najeriya. Alƙaluman suna da ban mamaki. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Najeriya ba ta kai ton 3,000 ba. A 1913 ta haura ton 19,000. Tashar Kano ta cika ta batse, taragu suka kasa kwashewa, jami'an mulkin mallaka suka tsaya suna kallon ikon Allah. Ba gwamna ne ya ba da oda ba, babu wani malamin gona da ya zaga ƙauyuka. Manoma da fatake ne suka duba farashi, suka yi lissafinsu, suka yanke shawara a cikin damina ɗaya.

Wannan ɓangaren labarin yana da daɗin faɗi, kuma ya kamata mu riƙa faɗa wa yaranmu, musamman masu tunanin cewa Bahaushe ba ya karɓar sabon abu. Amma labarin bai ƙare a nan ba.

Su wa suka ci riba?

Kamfanonin Turawa ba su jin Hausa, ba su san ƙauyuka ba, ba wanda zai yarda da su. Dole suka nemi waɗanda suka san hanya. Sai ga shi fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna da duk abin da ake buƙata: jari, yara amintattu a garuruwa, sanin yadda ake ba da bashi da yadda ake karɓowa, da suna mai kyau. Irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo suna cikin na farko. Suka baza wakilai da gishiri da tufafi da kuɗi tun kafin kaka, suna ƙulla alkawari da manoma.

Wanda ya fi kowa shahara shi ne Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877. Tun kafin gyaɗa, ya riga ya gane cewa ɗora goro a jirgin ruwa daga Accra zuwa Legas ya fi bin ƙasa da jakuna. Wato mutum ne da ya saba duba sabuwar hanya ya auna ta. A 1918 ya zama mai saye wa kamfanin Niger Company gyaɗa, kamfanin da daga baya ya narke cikin UAC a 1929. A wannan shekara ta 1929 da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, labarin da ya shahara shi ne ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Ka ga ke nan shawarar da aka yanke a bakin tasha shekara ɗari da suka wuce har yau tana haihuwa.

Wasu ma sun samu. Masu jakuna da raƙuma ba su mutu nan take ba, don gyaɗa sai an ɗauko ta daga ƙauye zuwa tasha, aikinsu ya ma ƙaru na wasu shekaru kafin zuwan manyan motoci. Mata sun samu kuɗin ɓare gyaɗa da na mai. Fataken shanu da na goro suka koma amfani da jirgi, unguwannin Sabo suka bunƙasa a Ibadan da Shagamu da sauran garuruwan Yarbawa. A Kano aka kafa Sabon Gari wajajen 1913 don ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu.

Su wa suka yi asara?

Hanyar Sahara ce ta fara faɗuwa. Dama ta yi rauni, sai ga Italiya ta afka wa Libiya a 1911, ga dogo ya iso a shekarar. Kayan da ke cin watanni a bayan raƙumi yanzu suna isa Legas cikin 'yan kwanaki. Hatta Larabawan Kano suka koma aika fatunsu ta teku. Madugun da ya san kowace rijiya da kowane zango tsakanin Kano da Gwanja ya wayi gari iliminsa na shekara talatin ba mai saye. Garuruwan da ke rayuwa da saukar ayari, masu sayar da abinci, masu masauki, masu fito, suka bushe a tsaye. Tarihi ya riƙe sunan Ɗantata, amma bai riƙe sunayen waɗannan ba, kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Masaƙa da marina sun yi ta maza. Su ne fa suka kayar da Manchester a zagayen farko, kuma sun ci gaba da aiki shekaru da dama. Sai dai jirgin da ke sauka da gyaɗa ba ya dawowa wayam. Yana haurowa da yadin kanti mai araha, da kwanon sha, da fitila, da gishirin Turai. A hankali a hankali, kamar zaizayar gaɓar kogi, kasuwar saƙi ta yi ta raguwa. Wanda ya leƙa marinar Ƙofar Mata a yau ya ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda aka bari, zai gane abin da nake nufi.

Sai yunwa. Daminar 1913, shekarar da gyaɗa ta yi tashin farko, ruwa ya ɗauke. Aka shiga yunwa mai tsanani har cikin 1914, ta kashe mutane da yawa a ƙasar Kano da arewacinta har cikin Nijar ta yau. Fari ne ya kawo ta, ba jirgi ba. Amma ta koya wa manoma darasi mai ɗaci: sulalla a aljihu ba sa maganin komai ranar da babu hatsi a kasuwa. Fitar gyaɗa ta ja baya a shekarun yunwa da farkon yaƙin duniya, sannan ta sake tashi, kuma manomi mai hankali bai sake wasa da rumbunsa ba. Gero da dawa tukuna, gyaɗa ta biyo baya.

Babbar matsalar kuwa, wadda har gyaɗa ta ƙare ba a warware ta ba, ita ce farashi. Manomi ne ke noma, ɗan baranda ke saye a kan sikeli, babban dillali ke tarawa, amma a Turai ake yanka farashi. Can ake matse mai, can ake yin majarin da sabulu, can riba mai kauri take zama. Da kasuwannin duniya suka karye daga 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, mai karɓar haraji kuwa bai fasa zuwa ba. Injinan matsar mai ba su fara samuwa a Kano ba sai wajajen shekarun 1940 zuwa 1950, kuma yawanci a hannun baƙi 'yan kasuwa. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Tana saye a hannun manomi ƙasa da farashin duniya, ta riƙe rarar. Gaskiya ne da wannan rara aka yi ayyuka da dama a Arewa, amma daga gumin wa ta fito?

Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, wadda ake cewa guda ɗaya kan ci buhu har 15,000, ita kanta alama ce ta cewa jirgi ya kasa kwashe kaya a kan lokaci. Kaya ne ke zaune a rana suna jiran tafiya ƙasar wani. A shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sai farin 1972 zuwa 1974, sai cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, sai kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati. Kafin a ankara filin dala ya zama fili kawai. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin gaba ɗaya.

To, mu dawo kan wayar da ke hannunmu.

A ranar 30 ga Nuwamba 2022 aka saki ChatGPT, cikin wata biyu aka ƙiyasta masu amfani da ita sun kai miliyan 100. Tun daga nan kullum da sabon labari: wannan tana zane, waccan tana kwaikwayon murya, wata tana haɗa bidiyon mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Kamar dogon 1912, ba a tambaye mu ba kafin a kawo, kuma ba don mu aka ƙera ba. Kamfanonin Amurka da China suna da nasu lissafin. Musun "mu karɓa ko mu ƙi" ya riga ya wuce, tunda abin yana aljihun ɗanka.

Ga tambayoyin da nake ganin tarihin nan ya bar mana.

Ta farko, mece ce gyaɗarmu? Kakanninmu ba su tsaya jiran Bature ya gaya musu abin da za su ɗora ba. Sun duba abin da suka fi kowa sani. Mu ma muna da abin da babu injiniyan da ke California da ya san shi: harshenmu, kasuwanninmu, cututtukan amfanin gonarmu, yadda ake ciniki a Dawanau da Kantin Kwari, matsalar mai jego a ƙauyen da babu likita. Miliyoyin mutanenmu ba sa karatun boko amma suna tura saƙon murya a WhatsApp kullum. Duk wanda ya haɗa wannan fasaha da muryar Hausa ta yadda manomi zai tambaya da baki a ba shi amsa mai inganci, ya samu gyaɗarsa.

Ta biyu, a ina ake matse man? Waɗannan na'urori da rubutu da muryoyin mutane ake horar da su. Hausa ta shiga Google Translate tun Disambar 2013. Abin da aka rubuta tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, shirye-shiryen rediyo irin na BBC Hausa da aka fara a 1957, littattafan marubutanmu, finafinan Kannywood, har wannan rubutun da kake karantawa, duk ɗanyen kaya ne. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da rahoton cewa ma'aikata a Kenya, waɗanda aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila don tace munanan rubuce-rubuce saboda horar da ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. In wannan bai tuna maka da manomi a gaban sikelin ɗan baranda ba, ban san me zai tuna maka ba. Akwai matasanmu masu bincike, irin na ƙungiyar Masakhane da HausaNLP, da ke ƙoƙarin ganin an yi aikin harsunanmu da hannunmu. Waɗannan su ne masu ƙoƙarin kafa injin matsar mai a gida, kuma sun cancanci jami'o'inmu da attajiranmu su waiwaye su.

Ta uku, dogon na wa ne? Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar kudu suke sauka, yawanci a Legas, daidai inda dogo ya fara. Ranar 14 ga Maris 2024 da wasu daga cikinsu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda bankuna da harkoki suka tsaya. Wutar da ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ke rabawa kuwa tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023, an kuma ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan 3 a fannin fasaha. Madalla. Amma mu tambayi wakilanmu: kaso nawa ya iso jihohinmu, kuma yaron da ba ya makaranta ta ina zai shiga?

Ta huɗu, ina rumbunmu? Wannan ta fi damuna. Ɗalibin da ya bar na'ura ta rubuta masa aikin gida tun daga aji ɗaya har ya gama, ya sayar da geronsa ne ya riƙe sulalla. Ranar da aka ƙara kuɗin manhaja, ko aka rufe ta, ko ta shirga masa ƙarya, don tana yi kuma ba ta jin kunya, da me zai gane? Haka mai neman fatawa ko maganin ciwo a wajenta ba tare da ya koma ga malami ko likita ba. Ilimin da ke kanka shi ne hatsin. Ɗantata bai ci ribar jirgi don ya fi kowa son jirgi ba, ya ci ne don ya riga ya iya kasuwanci kafin jirgi ya zo.

Ta biyar, wa zai tuna da madugu? Za a yi masu asara, kar mu yaudari kanmu. Masu buga takardu, masu fassara, ƙananan masu zane, wasu akawuna. Ba laifinsu ba ne, kamar yadda ba laifin madugu ba ne da aka shimfiɗa dogo. Mun ga yadda masaƙun Kaduna, tun daga ta farko da aka buɗe a 1957, suka ɗauki dubban ma'aikata, muka kuma ga yadda suka rufe ɗaya bayan ɗaya aka bar mutane da iyalansu ba tanadi. In ƙungiyoyin sana'a da gwamnatocin jihohi ba su fara maganar sake horar da mutane tun yanzu ba, to sai bango ya tsage za a fara neman magini.

Shi kuwa ƙanen namu mai shago, na koma wajensa ranar Litinin muka zauna. Na tambaye shi, cikin masu yin abinsu da waya, nawa ne suke iya gane kuskure in na'ura ta yi? Ya yi dariya ya ce ko jiya wani ya kawo masa katin biki da aka rubuta sunan amarya ba daidai ba, Hausar kuma kamar ta wanda ya koya a littafi. Na ce to ka ga wurinka. Ka san yadda ake jera sunayen iyaye a kati, ka san wanda ake sa wa Alhaji da wanda ake sa wa Malam, ka san takardar da ofis zai karɓa da wadda za a jefa kwandon shara. Ka koyi abin nan ka fi su iyawa, ka rage lokacin aiki, ka sayar da sanin da kake da shi. Ban ce masa zai zama Ɗantata ba, ban kuma yi masa alkawarin cewa yaran shagon biyu duka za su tsira da aikinsu ba. Ya ce zai gwada.

Yanzu haka ana shimfiɗa sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Duk lokacin da na ga hoton aikin sai in tuna cewa tambayar da kakanninmu suka fuskanta a 1912 tana nan ba ta tsufa ba: me za mu ɗora, wa zai yanka farashi, me za mu bari a gida?

Wanda kakansa ya yi fatauci, ko aikin jirgi, ko cinikin gyaɗa, don Allah ya ba mu abin da ya ji daga bakin manya. Irin wannan tarihin yana tafiya da masu shi.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gane gyaɗarmu tun kasuwa ba ta watse ba, ya rufa wa masu ƙananan sana'o'i asiri. Amin.